WASIƘAR DA AKA SOKE A AZARA

Shafi na 17

Masu turo mani saƙo tun da safe wai in fito da Lado daga asibiti, na ji, ku sarara mani haka nan. Ke kuma Maman Sabitu da kika ce in aka ɗaure shi kin daina karantawa, gyara zama, yau ranki zai fi na jiya ɓaci. Ni kaina da nake rubutun sai da na ajiye wayar na sha ruwa.

*

Kwana goma sha biyu ke nan da akori-kurar Alhaji Sodangi Tamawa ta kama da wuta tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, ranar kasuwa, cikin kakar shekarar 1984. Kwana goma sha biyu Lado direba na kwance a asibiti, hannuwansa naɗe da bandeji har gwiwa, ga ɗan sanda a bakin ƙofa yana gadinsa. Wai taba ya sha ya jefa guntun cikin lodin harawa. Lado fa! Mutumin da ko a tasha wani ya busa hayaƙi kusa da shi sai ya yi ta tari har ya ba ka tausayi.

Hawwa'u matarsa, wadda ita ce babbar 'yar Alhaji Sodangi, ta sauko daga motar Kurfi da hantsi, kwanon kunu a hannunta. Hanyar asibiti ta gaban garejin Kefas bakanike take, kuma can aka jawo ƙonanniyar motar aka yasar a gindin bedi. Kullum in ta zo wurin kau da kai take yi.

"Matar Lado! Don Allah tsaya."

Ta tsaya, amma ba ta juyo ba.

"Lafiya, Malam Kefas?"

"Ba lafiya. Jiya a majami'a ana wa'azi, ni ji nake da ni kaɗai ake. Zo ki ga wani abu."

"Ba abin da zan gani jikin motar ga."

"Mijinki bai sha taba ba."

Ta juyo a fusace.

"Ni za ka ba labari? Shekara bakwai nike wanke ma shi riga, ban taɓa tsintar ko ashana a aljihunshi ba."

"Ke kin sani ne kawai. Ni kuwa na san abin da ya ƙona motar."

Ta bi shi. An kishingiɗar da motar a gefe ɗaya, cikinta a waje, baƙi ƙirin. Kefas ya ɗauki sifana ya nuna mata wani dogon bututu.

"Wannan shi ne salansa, inda hayaƙin inji ke fita. In mota ta yi tafiya, ko ƙwai kika fasa a kansa zai soyu. Wannan kuma da ya narke ya manne, tiyon fetur ne. Dubi tsakaninsu. Ko yatsa biyu ba za su shiga ba."

"To?"

"Haka aka ƙero ta. Kuskuren kamfani ne, kuma sun gane. Tun farkon damina suka aiko wa duk mai irin motar nan mai tambarin zakara da wasiƙa. Suka ce a mayar da ita Kano su canza hanyar tiyon, su sa faifan ƙarfe tsakanin salansa da bodi, kyauta. Kafin nan kada a ɗora mata busasshen kaya, kada a tsayar da ita a kan busasshiyar ciyawa."



"Baba bai samu tashi wasiƙar ba ke nan."

Kefas ya sunkuyar da kai.

"Ya samu. Da Turanci take, ni ya aika aka kira na karanta masa a zaurensa. Sau biyu na karanta."

"Ya ce mi?"

"Ya ce in motar ta yi sati uku a Kano, mutanen Tamawa za su ce ƙwace ta aka yi. Ya ce Ɗanmaraya mai babbar mota zai samu abin yi masa dariya a tasha. Ya dunƙule takardar ya wurgar a ƙasa."

Jama'a, ku ji fa. Don kada a yi masa dariya a tasha.

Hawwa'u ta zuba wa ƙasan bodin ido, inda wasu ƙonannun zarurruka suka manne. Ta gane su. Buhunan algarara ne da Lado ke shimfiɗawa a bayan motar, kullum da safe ya jiƙa su sharkaf kafin a yi lodi, wai umarnin Alhaji ne don fasinja na kukan zafi. Ita da hannunta take jawo ruwan daga rijiya, har tana yi masa tsiya wai motarsu ta fi amarya son wanka.

"Buhunan ga fa?"

"Ni na ba da dabarar." Muryar Kefas ta yi ƙasa. "Na ce ko za su rage zafi kafin ya sake shawara. Ranar kuwa lodin harawa ya danne su, suka bushe a hanya, ba ta inda za a zuba ruwa."

"Wato ni kuka mayar mai ɗebo maku ruwan rufa asiri."

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri na gidanku. Wuce mu tahi ka faɗa ma Saje mai binciken maganar."

Ya ja da baya kamar ta nuna masa wuta.

"Matar Lado, ni baƙo ne a garin nan. Bakina da na Alhaji, na wa za a ɗauka? In da takardar a hannu, zan tsaya in ce ni na karanta. In babu, sai dai a haɗa ni da mijinki."

"Kwana goma sha biyu kana kallo yana kwance da ɗan sanda bisa kai. Kai ma ka ci tuwo ka sha ruwa?"

Ya juya yana goge sifanar da tsumma.

"Tir!"

Ta dangwarar masa da kwanon kunun a kan wata tsohuwar taya, ta juya ta nufi tasha. Ranar Lado bai sha kunu ba.

*

Rana ta take tsaka ta isa Tamawa. Gidan shiru, maza sun tafi masallaci. Kakarta Iya Kulu, mahaifiyar Alhaji, wadda sunanta aka sa wa Hawwa'u, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa.

"A'a, takwara! An sako mani mijin nawa ne kika zo yi mani albishir?"

"Ba a sako shi ba, Iya."

"To mi ya koro ki da tsakar rana, fuska kamar an aiko ki da saƙon mutuwa?"

Hawwa'u ta durƙusa gabanta. Ba ta da wani tabbaci, abu ɗaya kawai ta riƙe tun daga Dutsin-Ma, halin tsohuwar nan da ta sani tun tana yarinya.

"Iya, har yanzu kina tsintar takardu?"

"Yo in bari? Mutanen yanzu ba su tsoron Allah. Su yi rubutu su yar a ƙasa, kowa ya bi ya taka, awaki su yi fitsari bisa. Wa ya san ko da sunan Allah ciki? Ni duk wadda na gani ɗauka nike."

"Har ta boko?"

"Ni na san boko na san Arabiyya? Rubutu dai rubutu ne."

"Waɗanda kike tsinta a zaure, ina kike kai su?"

"Ina kau? Azara mana. In sa sandata in soke su can sama inda ƙafa ba ta kai."

Ba ta jira ƙarshen maganar ba. Ta mirgina turmi har cikin zaure, ta kifa shi, ta haye. Tsakanin itatuwan azara takardu ne cunkus, wasu gara ta ci rabi, wasu sun yi ja don daɗewa. Ta dinga zarowa tana dubawa. Guntun jarida. Takardar jarrabawar wani ƙanenta. Takardar maganin tsutsar auduga. Yanar gizo duk ta cika mata ɗankwali, Iya na ƙasa tana faɗa.

"Ke, kar ki zubar mani da su! Wanga wane irin iskanci ne?"

Can hannunta ya kai kan wata mai kauri, a dunƙule. Ta warware ta a hankali. Jan layi a gefe, zakara a sama, ga zanen cikin mota an kewaye wani wuri da jan alƙalami. Firamare kawai ta yi, ba za ta iya Turancin ciki ba, amma sunan ubanta ko cikin barci ta gan shi za ta karanta.

Wata biyar wasiƙar nan tana bisa kan duk wanda ya zauna a zauren. A ƙarƙashinta aka yi ta karɓar masu jaje.

"Uwata, mi kike nema bisa turmi?"

Alhaji Sodangi ne tsaye a ƙofa, farar riga, carbi a hannu yana ja. Uwata yake ce mata, don ba ya iya faɗin sunan mahaifiyarsa. Idonsa ya sauka kan takardar, sai carbin ya tsaya.

Ta sauko, ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Miƙo wannan."

Ta ƙara damƙe ta, kanta a ƙasa.

"Baba, Malam Kefas ya ce shi ya karanta maka."

"Kefas! Yanzu har kin kai ki tsaya da bakanike bakin hanya kina jin tsegumin ubanki?"

"Ƙarya ya yi?"

"Ƙaddara ce, Uwata. Abin da Allah ya rubuta ba takardar Bature da za ta kankare shi."

"Allah ya rubuta, su kuma sun rubuto maka tun damina ba ta sauka sosai ba. Kyauta suka ce, Baba."

"Ke mi kika sani? In mota ta ɓace daga ƙofar gida sati uku, kin san mi za a ce a garin ga? Mutum da mutuncinshi yake rayuwa."

"Hasana mai nono fa, fasinjar da wutar ta kama? Wadda Malam, direbanka, ya ƙone hannu wajen jawo ta. Tun daga ƙugu har ƙafa ba fata. Ita ba ta da mutunci?"

"Na je na gaishe da mijinta."

"Na ji. Har goro ka kai ma shi."

Ya haɗe rai.

"Da ni kike magana haka?"

"Ban ɗaga murya ba, Baba. Tambaya ɗaya nike da ita. Mi ya sa ka ce ma Saje ka sha yi ma Malam faɗa kan taba?"

"Shi ya musa? Yana kwance ina faɗa, Saje na rubutawa. Ya ce uffan?"

Nan ne hawayen da take riƙewa ya zubo, na takaici.

"Ya za a yi ya musa? Surukinka ne! Mutumin da in ya hango ka a hanya yake tuɓe takalmi ya ratse cikin gona. Shekara bakwai bai taɓa cin abinci inda kake ba, bai taɓa kallon tsakar idonka ba. Shi ne zai buɗe baki gaban ɗan sanda ya ce ka yi ƙarya? Ka san ba ya iyawa, Baba. Saje baƙo ne, bai san mi ke tsakaninku ba, ya ga ya juya fuska bango ya ɗauka amsa laifi ne. Da kunyarshi ka ɗaure shi."

Alhaji ya waiga ya dubi ƙofa, ko akwai mai ji. Wallahi abin da ya fara dubawa ke nan. Sannan ya tako ya rage murya.

"Saurara, Uwata. Yaro ne, jininshi na gudu. In ya amsa, sakaci ne za a ce, shekara biyu ko uku ya fito. Ke da ɗiyanki ku dawo nan, ba abin da za ku rasa. In ya fito in sai ma shi mota tashi ta kanshi. Ni kau in aka taɓa ni, mutum talatin ke ci daga hannuna. Ki auna."

"Da wane hannun zai tuƙa motar?"

Ta ɗago kai ta ci gaba.

"Likita ya ce yatsu uku na dama ba za su sake lanƙwasuwa ba. Ba ka tambaya ba, shi ya sa ban faɗa maka ba."

"Sodangi."

Duk sun manta da Iya Kulu. Tana tsaye a ƙofar cikin gida, dogare da sandarta.

"Iya, maganar maza ce, ki koma ciki."

"Na ga mazan. Takardar ga cewa ta yi motar na iya cin wuta?"

"Iya..."

"Ka ba ni amsa, ni na haife ka ba kai ka haife ni ba."

"Haka suka ce. Su Turawa komi sai sun..."

"Watan jiya da za ni Kurfi suna, wace mota ka sa ni?"

Alhaji ya dubi ƙasa.

"Bisa buhu na zauna, ni da jikokinka huɗu. Kwana uku ina shafa man shanu a mazaunaina. Na yi maka ƙorafi ka ce sabuwar mota haka take, ƙarfin inji ne. Ashe bisa murhu ka ɗora ni kana sane."

"Allah ya tsare ai, Iya."

"Ya tsare, ba don halinka ba. Tir da wanga hali, Sodangi. Ubanka da jaki ya yi fatauci har ya mutu, in jakin ya yi ɗingishi sauka yake ya ɗauki kayan da kanshi."

Ni dai da ni ce, ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa gogan naku sai ya miƙa hannu wajen 'yarsa.

"Ba ni takardata."

"Taka?" Iya ta tako ta shiga tsakaninsu. "Kai ka yar, ni na tsinta. Tawa ce. Na ba takwarata."

"Uwata, ki ji da kyau. In kika fita zauren ga da takardar nan, ba ni ba ke. Kar ki zo gaisuwa, kar ki zo jana'izata."

Hawwa'u ta dube shi. Wannan fa shi ne mutumin da yake ɗora ta a wuya ya kai ta kallon kasuwa, wanda ya ƙi sauraron kowa ya sa ta makaranta. Tana sonsa, kuma a lokacin nan ƙyamarsa take ji. Ta ninke wasiƙar huɗu, ta ƙulle a haɓar zane.

"Ka yafe mani, Baba."

"Ban yafe ba!"

Iya ta gitta sandarta a gabansa.

"Tahi, takwara. In shi bai yafe ba ni na yafe, kuma tawa ta fi tashi nauyi. Kai kuma in ka isa ka ture ni ka wuce."

*

Bayan la'asar ta shiga asibiti. A barandar ɗakin mata ta ga Fulani zazzaune, sanduna a jingine, ba mai magana. Hamma mijin Hasana na tsakiyarsu, ya rufe fuska da malfa. Wata tsohuwa na naɗe tabarmar jinya tana haɗa ƙore.

Ba sai an faɗa mata ba. Ta durƙusa ta yi musu gaisuwa, ta wuce ɗakin maza.

Lado na kwance rigingine, hannuwan a kan matashi. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito.

"Hawwa, yau kin makara. Lafiya dai?"

"Malam, ka ji Hasana ta cika?"

"Na ji, da azahar. Allah ya jiƙanta." Ya runtse ido. "Da na ƙara sauri kaɗan..."

"Ba saurinka ba ne."

Ta zauna a bakin gado, ta kwance haɓar zane, ta buɗe masa wasiƙar a gaban fuska. Ta faɗa masa duka, tun daga garejin Kefas har sandar Iya. Yana ji, idonsa na ƙara girma.

"Sau uku," ya ce a hankali. "Sau uku ina aika ma Baba cewa ƙasan motar na zafi fiye da ƙima. Ya aiko a ce mani in ƙara ruwa."

"To ka gani. Yanzu sai mu ba Saje."



"Mayar ma shi."

"Mi ka ce?"

"Ki mayar ma Baba da takardarshi, ki ba shi haƙuri."

"Malam, zazzaɓi ne ke damunka?"

"Hawwa, ina yaron mota ya ɗauke ni. Shi ya sa aka koya mani tuƙi. Ya ba ni ke bai tambayi gonar ubana ba. Yau a ce ni na kai shi gaban alƙali? Da wane ido zan bi ta Tamawa? Ɗiyanmu a dinga nuna su ana cewa ubansu ya ɗaure kakansu?"

"Gara a dinga nuna su ana cewa ubansu mashayin taba ya ƙone matar mutane?"

"Shekara biyu ce, ya ce."

"Ya ce! Yaushe ya ce?"

"Shekaranjiya ya zo, kin fita wanki."

Ta miƙe tsaye.

"Wato kun gama shiryawa. Shi ya yanka, kai ka miƙa wuya, ni kuma in yi ta dama kunu. Wannan shekara biyun lokacin Hasana na da rai ne, Malam. Yanzu akwai gawa."

"Ki rage murya, ana jinmu."

"Kai ma? Kowa a rage murya! Kefas a rage murya, Baba a rage murya. Mace ta mutu da ɗanyen jego, ku abin da ya dame ku kar a ji."

"Kunya ce, Hawwa. Ba ki ganewa."

"Na gane sarai. Kunyar da ba ta hana shi ƙulla maka sharri ba, ita za ta hana ka faɗin gaskiya. Allah wadaran wagga kunya."

Takun takalmi ya katse su. Saje Gidiyon ne, mai binciken maganar, dogo, da fayil a hammata. Ya ja kujera ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Direba, magana ta canza. Matar ta rasu, gobe fayil zai tafi Katsina, kai ma da zarar likita ya sallame ka. Na jira yatsanka ya warke ka dangwala, ba lokaci. Za ka faɗa da bakinka, ga kurtu ga ma'aikacin jinya su shaida."

Ya buɗe fayil, ya zare murfin biro.

"Mai mota ya ce kana shan taba, ya sha yi maka faɗa. Ranar da abin ya faru, ka sha ko ba ka sha ba?"

Lado ya dubi Hawwa'u. Ya dubi bango.

"Ranka ya daɗe, na..."

Ta ɗora wasiƙar a kan fayil ɗin, daidai inda bakin biro yake.

"Karanta wannan tukuna."

"Hawwa!"

"Mene ne wannan?" Saje ya ɗaga ta yana kaɗe yanar gizo. Ya fara karantawa a tsaitsaye, sai ya gyara zama. Ya kai ƙarshe, ya koma farko, ya sa yatsa a kan kwanan wata.

"Watan Yuni," ya ce. "A ina kika samo ta?"

"A zauren mai motar. Malam Kefas bakanike shi ya karanta ma shi, ya ce in an kira shi zai faɗa."

"Kin san abin da takardar nan za ta yi? In ta tabbata, mijinki zai koma gida. Mai motar ne zai hau wannan kujerar, kuma da rai a wuyansa." Ya ƙura mata ido. "Yaya aka yi matar direba ta shiga zauren Alhaji har ta ɗauko masa wasiƙa? Mene ne tsakaninki da shi?"

"Salamu alaikum."

Muryar ta fito daga bakin ƙofa. Farar riga, ƙurar hanya har gwiwa, ko hula bai tsaya ya gyara ba.

Lado na jin muryar ya fara kiciniyar saukowa daga gado zai durƙusa, yana dogara ƙonannun hannuwan a kan ƙarfe, jini na ɓullowa ta bandeji. Hawwa'u ta sa tafin hannu a ƙirjinsa ta mayar da shi.

"Kwanta."

"Uwata," in ji Alhaji. "Uwata, zo mu yi magana waje."

Ba ta waiga ba. Saje take kallo.

"Ubana ne, ranka ya daɗe. Ga shi nan, tambaye shi da kanka."